Yadda Mutanen Masar Na Da Suka Dafa Yashi Ya Zama Shuɗi

Maganar yau a kan launi ce, launin kuwa shuɗi. Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo. To, ga labarin waɗansu mutane da suka dafa dutse da yashi da gaske. Ba su sha romo ba, amma sun sami abin da sarakuna suka yi ta nema.

Wahalar samun shuɗi

Duk wanda ya taɓa yi wa bangon ɗaki ado ya san waɗansu launuka ba su da wuyar samu. In ja ake so, ga jar ƙasa. In fari ne, ga farar ƙasa. In baƙi ne, ga gawayi a murhu. Amma shuɗi fa? Sama shuɗiya ce, sai dai ba mai iya ɗebo ta ya shafa a bango. Marina suna samun nasu shuɗin daga ganyen baba, amma wannan na rina tufa ne.

Wannan matsala ta dami mutanen ƙasar Masar tun fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Su mutane ne masu son zane. Suna yi wa fadar sarki ado, da ɗakunan ibadarsu, da kaburburan manyansu. Shuɗi yana da daraja a wurinsu ƙwarai, domin launin sama ne da na ruwa. Sukan shafe rufin kabari da shuɗi, su zana taurari rawaya a kai.

Akwai wani dutse shuɗi mai kyau da suka sani, wanda Turawa ke kira lafis lazuli. Amma ba a haƙo shi a Masar. Daga duwatsun Badakshan na ƙasar Afganistan ake kawo shi, tafiyar dubban kilomita. Saboda haka ya yi tsada sosai. Sai a kayan adon sarakuna da manyan attajirai ake ganinsa. Misali, girar da ke jikin fuskar zinariya ta sarki Tutankamun da wannan dutse aka yi ta. Ba zai yiwu a shafe bango guda da abu mai tsada haka ba.

Sai masu sana'ar Masar suka nemi dabara. Tun da ƙasa ba ta ba su shuɗi ba, suka haɗa nasu. Sunan da suka sa masa a harshensu yana nufin lafis lazuli na haɗi, wato wanda hannu ya yi. Yau ana kiransa shuɗin Masar. Masana sun ce shi ne garin fenti na farko da ɗan'adam ya haɗa da kansa a duniya.

Shaida mafi tsufa da aka samu tana jikin wata tasa ta farin dutse. An yi tasar wajen shekara 3250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Boston a Amurka. Zuwa zamanin da aka gina manyan dalar Giza, wajen shekara 4,500 da suka wuce, shuɗin ya riga ya zama ruwan dare a wurin masu zane.

Kayan haɗi guda huɗu

Abin mamaki shi ne, cikin kayan haɗin ba ko ɗaya mai launin shuɗi. Kuma dukansu sanannu ne.

Na farko, yashi. Masar kuwa hamada ce, yashi ba ya ƙarewa.

Na biyu, dutsen farar ƙasa, wato irin dutsen nan da ake yin siminti da shi. Da irinsa aka gina dalar Giza. Wani yashin ma da kansa yana ɗauke da ɓarɓashinsa.

Na uku, jan ƙarfe. Shi ne uwar launin. Wani lokaci sukan yi amfani da wani koren dutse mai jan ƙarfe a cikinsa, wanda ake haƙowa a yankin Sina'i da hamadar gabashin Masar. Wani lokaci kuma sai su nemi guntayen tagulla.

Na huɗu, kanwa, ko tokar waɗansu tsirrai. Masar tana da wani kwari mai tafkuna da ake kira Wadi Natrun, arewa maso yamma da birnin Alƙahira. A can suke ɗebo kanwa. Danginta ɗaya da wadda ake kawowa kasuwannin ƙasar Hausa daga yankin Tafkin Chadi.

Mene ne aikin kanwa a nan? Uwargida ta san amsa. In wake ya ƙi nuna, sai a jefa masa 'yar kanwa, nan da nan ya yi laushi. Haka take yi wa yashi. Yashi shi kaɗai yana bukatar wuta mai tsanani ƙwarai kafin ya narke. In an sa masa kanwa kaɗan, sai ya saki jiki a wutar da ba ta kai haka ba, ya haɗu da sauran kayan.

Sirrin yana ga wuta

Ana niƙa kayan nan huɗu su yi laushi. A cuɗa su, a zuba a tukunyar yumɓu, a sa a wuta. A nan gwaninta take.

Gwaje-gwajen masana sun nuna cewa ana bukatar zafi tsakanin digiri 850 zuwa 1,000. Don a gane yawan wannan zafi, a tuna cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 ne kawai. Jan ƙarfe kuma yana narkewa a digiri 1,085. Ke nan wutar ta kusa kai ta narka jan ƙarfe, amma ba a so ta kai.

In wutar ta yi kaɗan, shuɗin ba zai fito ba. In ta wuce wajen digiri 1,050, sai shuɗin ya lalace, a sami wani abu kamar gilashi mai ɗan kore. An yi asarar itace, an yi asarar jan ƙarfe. Kuma ba a ɗan lokaci ake riƙe wutar ba. Sai an yi awoyi da yawa tana ci daidai wa daida.

Mutanen nan ba su da ma'aunin zafi. Ido da sabo su ne ma'auninsu, kamar yadda maƙeri ke duban jan da ƙarfe ya yi ya san lokacin dukansa ya yi.

In an sauke, sai a sami dunƙule mai tauri, shuɗi. A fasa shi, a niƙa ya zama gari. Mai zane ya kwaɓa garin da ruwan ƙaro ko wani abu mai danƙo, ya shafa a bango, ko katako, ko dutse. Wani lokaci kuma a kwaɓa garin, a mulmula shi, a mai da shi wuta, a yi duwatsun wuya da ƙananan kayan ado.

Wannan shuɗi ba ya tsoron rana. Akwai zanen da aka yi a kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun, wajen shekara 3,350 da suka wuce. An zana tsuntsaye da kifaye da ciyayin bakin kogi. Gutsattsarin bangon suna gidan kayan tarihi na Birtaniya a Landan, shuɗinsu yana nan ana gani. Haka kuma hular da ke kan mutum-mutumin sarauniya Nefertiti, wanda aka tono a 1912, yake kuma ajiye a birnin Balin na Jamus.

Yadda sanin ya ɓata

Shuɗin bai tsaya a Masar ba. Ya kai ƙasar Girka, ya kai daular Rum. An yi fiye da shekara 3,000 ana aiki da shi. Ko a farkon 2025, masu tonon tarihi sun ba da labarin samun wani dunƙulensa mai nauyin kilo 2.4 a kangon fadar sarki Nero a birnin Rum. Wannan ya nuna manyan masu mulki na can ma sun riƙe shi da daraja.

Amma bayan daular Rum ta faɗi, sai masu yinsa suka yi ta raguwa. Masu zane suka koma ga waɗansu launuka. Jefi-jefi dai akan gan shi. A 2020 an gano shi a wani zanen bango da gwanin zane Raphael ya yi a birnin Rum wajen 1514. Amma sana'ar kanta ta mutu. Aka wayi gari ga shuɗi a bango, ba wanda ya san yadda ake yinsa.

Me ya jawo haka? Mutanen Masar sun iya rubutu. Sun rubuta sunayen sarakuna, da lissafin hatsi, da magunguna. Amma cikin duk rubuce-rubucensu da aka tono, ba a sami inda suka bayyana yadda ake haɗa wannan shuɗi ba. Sani ne na hannu, daga maigida zuwa yaronsa. Da layin ya yanke, sai sanin ya tafi.

Mutumin da ya rubuta bayanin ba ɗan Masar ba ne. Wani magini ne na Rum mai suna Vitruvius, wanda ya rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A littafinsa na gine-gine ya ce ana niƙa yashi da kanwa, a haɗa da ɓarɓashin jan ƙarfe, a mulmula da hannu, a shanya, a sa a tukunya a gasa. Ya kuma ce daga Iskandariya aka kai sana'ar garin Puteoli a Italiya.

To, a duba da kyau. Kayan nawa ya ambata? Uku. Bai ambaci farar ƙasa ba. Masana na ganin yashin da ake aiki da shi a lokacin yana ɗauke da ita, shi ya sa bai lura ba. Amma wanda ya bi bayaninsa da tsabar yashi ba zai sami shuɗin Masar na gaske ba. Abu ɗaya da aka tsallake ya isa ya ɓata aiki.

Masu bincike sun bi sawu

A ƙasar Italiya akwai wani tsohon gari, Pompeii. Dutse mai aman wuta ya binne shi da toka a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Da aka tono garin, an tarar da bangaye masu zane, har da tukwanen fenti da garin launi a ciki. Wannan ya sa masana suka fara tambaya.

A 1815, wani masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila, Humphry Davy, ya ba da rahoton binciken da ya yi a kan launukan mutanen da, waɗanda aka samo a kangayen Italiya. Ya tabbatar cewa jan ƙarfe ne ke ba da wannan shuɗi.

A 1889, wani masanin duwatsu ɗan Faransa, Ferdinand Fouqué, ya gano ainihin abin da shuɗin ya ƙunsa, har da farar ƙasar da Vitruvius ya tsallake. Lissafin ya nuna cewa in an auna tsantsarsa a sikeli, cikin kashi 100, wajen kashi 64 daga yashi ne. Wajen kashi 21 daga jan ƙarfe ne. Wajen kashi 15 kuma daga farar ƙasa.

A 1891 zuwa 1892, wani Bature mai tonon tarihi, Flinders Petrie, ya yi aiki a Amarna, wani tsohon birni a bakin Kogin Nilu. Ya duba juji, inda ma'aikata ke zubar da shara. A nan ya sami fasassun tukwane da shuɗi manne a jikinsu, da dunƙulen da bai gama nuna ba. Abin da masu sana'a suka yar, shi ya zama shaida.

A 1914, waɗansu masana a Birtaniya, ƙarƙashin wani mai suna Laurie, suka yi ta gasa kayan haɗin a zafi iri-iri, don su gano iyakar wutar da ake bukata. A 1959 kuma, aka yi amfani da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, aka gano yadda ƙwayoyin shuɗin suke jere a ciki. Daga Davy zuwa nan, shekara 144 ke nan.

Abin da ɗan gari ke faɗa

Yau masu bincike ba sa bukatar fasa kayan tarihi. Ɗan ɓarɓashi da bai kai ƙwayar gero ba ya ishe su. Sukan sa shi ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu sau dubbai. Ga kaɗan daga abin da suka gani.

Na ɗaya, shuɗin ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyi shuɗɗa, akwai sauran yashi da bai narke ba, akwai ɗan gilashi da ya manne su.

Na biyu, niƙa tana sauya launi. In an bar garin da tsakuwa-tsakuwa, shuɗin yakan yi duhu. In an niƙa shi lilis, sai ya yi haske kamar sararin sama. Ke nan daga dunƙule ɗaya mai zane zai iya samun shuɗi iri-iri.

Na uku, an sami alamar kuza a cikin shuɗin da aka yi wajen shekara 3,500 da suka wuce zuwa gaba. Kuza ba ta cikin kayan haɗi. Daga ina ta shigo? Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da kuza. Wato masu yin shuɗi suna karɓar guntayen tagulla daga wurin maƙera. An ƙara samun shaidar haka a garin Kantir da ke arewacin Masar, inda fadar sarki Ramsis na Biyu take. A can an tono wurin da masu narka tagulla, da masu yin gilashi, da masu yin shuɗi suke aiki kusa da juna. Sharar wannan ita ce jarin wancan.

Gwajin 2025

A 2025, masana daga Jami'ar Jihar Washington a Amurka, tare da ma'aikatan gidajen kayan tarihi na Carnegie da Smithsonian, suka ce gani ya kori ji. Suka shirya haɗi iri 12. Suka gasa su a digiri 1,000, wani awa 1, wani har awa 11. Sa'an nan suka gwada abin da ya fito da kayan Masar na ainihi.

Sun ga cewa ɗan canji kaɗan a haɗi ko a daɗewar wuta yana sauya launi. Wani ya fito shuɗi sosai, wani toka-toka, wani kore-kore. Sun kuma ga cewa yadda abin ya huce ma yana da muhimmanci. Wanda aka bari ya huce sannu a hankali ya fi yin shuɗi. Sannu dai ba ta hana zuwa.

Wani abin da ya ba su mamaki shi ne, ba sai dukan garin ya zama shuɗi ba. In wajen rabinsa ƙwayoyi shuɗɗa ne, ido zai gan shi shuɗi sosai.

A lura da wannan. Masana masu murhun lantarki da ma'aunin zafi sai da suka yi gwaji iri-iri. Mutanen da kuwa da itace da tukunyar yumɓu suka yi nasu, kuma suka riƙe shi shekara dubbai.

Hasken da ido ba ya gani

Shuɗin Masar yana da wata baiwa da masu yinsa ba su taɓa sani ba. In aka haska shi da fitila, yakan mai da wani irin haske wanda idon mutum ba ya gani. Irin hasken nan ne rimot ke aika wa talabijin. Amma akwai kyamara ta musamman da ke ganinsa. A hotonta, duk inda shuɗin yake sai ya yi fari fat, sauran wurin ya yi duhu.

A 2009, wani masani a gidan kayan tarihi na Birtaniya, Giovanni Verri, ya gwada wannan dabara a kan sassaƙen dutse da aka kawo daga birnin Atens na Girka. Sun fi shekara 2,400. Kowa na ganinsu farare. Sai kyamara ta nuna ɓurɓushin shuɗin Masar a jikinsu, har a ɗamarar wani mutum-mutumi na mace. Ashe da can fenti gare su, iska da ruwa suka wanke.

Da tsohuwar zuma ake magani

Wannan baiwa ta sa masana na neman sabon aiki ga tsohon shuɗi. A 2016, masu bincike a Jami'ar Curtin ta Ostireliya suka nuna cewa garinsa mai laushi yana fito da shatin yatsa. Akwai wuraren da hodar 'yan sanda ba ta nuna shatin sosai, kamar takardar kuɗi ta leda mai zane da yawa. In an barbaɗa shuɗin Masar aka ɗauki hoto da kyamarar nan, shatin yakan fito sarai.

A 2018 kuma, masana a wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Berkeley suka auna hasken da shuɗin ke mayarwa. Suka ga yana da ƙarfi fiye da yadda aka zata. Suka ce zai iya taimakawa wajen yin fentin da zai rage wa rufin gida da bango zafin rana. Wannan magana ce ta bincike, amma duk mai kwana a ɗakin kwano da bazara ya san amfanin irin wannan abu.

Kammalawa

To jama'a, ga inda magana ta tsaya. Yashi, da farar ƙasa, da jan ƙarfe, da kanwa, da wuta mai awo, su ne shuɗin Masar. Waɗanda suka gano shi ba a san sunansu ba. An san sunayen sarakunan da aka yi wa ado da shi, amma masu zama gaban murhu tarihi bai riƙe su ba. Duk da haka, da masana suka auna aikinsu da na'ura, sun tarar ba kame-kame suke yi ba. Sun san awo, sun san wuta, sun san lokaci.

Irin wannan sani yana nan a hannun maƙeri, da marini, da majemi, da mai ginin tukwane. Mai sana'a yakan ɗauki abin da ya saba yi kamar ba komai ba ne, har ya manta ya faɗa wa na baya. Haka farar ƙasa ta faɗi daga bayanin shuɗin Masar. Abin da yaron maigida zai koya a gaban murhu, sai da ya ci wa masanan ƙasashe da dama fiye da shekara 100 kafin su dawo da shi.